Kayan Inna Na Cikin Kwalin Nan

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri, ya raya mana zuri'a, ya sa mu rabu da iyaye lafiya, amin. Mu ma nan alhamdu lillahi. An yi wa yayanki Dogo canjin wurin aiki, yanzu yana kusa da gida, matarsa kuma ta sauka lafiya, an samu mace, kamarku ɗaya sak lokacin da kike jaririya, har wannan goshin naki. Gwaggo tana nan da ciwon gwiwarta da bakinta, babu wanda ya ragu a ciki. Ni kuma ina nan ina fama da kantin magani, in fita da safe in dawo da la'asar, yadda kika bar ni. Inna ma tana nan da ranta. Na san za ki ce me ya kawo wannan magana, to ki yi haƙuri, gani na yi gara in faɗa miki tun daga farko don kada ki rikice. Tana numfashi, tana cin abinci, tana salla a zaune. Suga ya cinye mata ido, sai dishi-dishi take gani, amma wallahi da ranta, ɗazu ma na yanke mata farce.

A saman kwali za ki tarar da wannan takarda. Matar wani abokin aikin Dogo ce za ta taho wajenku, ita ta yarda ta ɗauko miki. Ki yi mata godiya sosai, don madubin nan ba ƙaramin kaya ba ne, sai da muka naɗe shi da tsohon bargo. Kafin in shiga maganar kayan, bari in yi miki barka da littafi. Allah ya sa albarka. Na ga hirar da aka yi da ke, Dogo ya turo mini a waya. Kin yi kyau, kin yi ƙiba, kina zaune a kujera mai laushi kina juya hannu kina bayani wai labarin wata mace ne da ke neman kanta har ta samu. Sannu da ƙoƙari. Ni ban san kin ɓace ba, ai da tuni mun ba da cigiya. Na ji kin ce kowane abu a littafin yana da ma'ana. Wai almakashin uwar, da tsumman da aka naɗe masa a hannu, alama ce ta mace mai kaifi da aure ya ɗaure. Wai madubin da uwar ba ta taɓa kallon kanta a ciki ba alama ce ta matan da suka ƙare rayuwa ba su san fuskarsu ba. Wai jan takalmin da ke cikin kwali tafiya ce da ba a yi ba. Sannan kika zo kan fulas ɗin da yayar yarinyar ke yawo da shi a hammata, kika ce ita ce macen da ke ajiye wa kowa zafi ita ba ta kurɓa ba. Mai tambayar ta yi dariya, ke ma kika taya ta. Ki sani dariyar ta iso nan. Wata abokiyar aikina ta karanta littafin, yanzu daga mai shara har mai kantin Anti Fulas suke ce mini.

Ranar da littafin ya iso, da kin ga Inna da kin ji daɗi. Ta karɓa da hannu biyu, ta shafa bangon, ta sansana shi, ta ce in ɗora mata yatsa a kan sunanki. Ta sa shi ƙarƙashin matashi. Duk wanda ya shigo gaishe ta sai ta zaro ta nuna masa, sau da yawa ma a juye, tana cewa Autarta ce ta rubuta wannan duka, ita kaɗai. Har mai kawo mana ruwa sai da ya riƙe shi ya ce masha Allah. Daga nan ta fara damuna in karanta mata. Ni na riga na karanta, Dogo ma ya karanta, don haka ya ja ni ƙofar kicin yana magana ƙasa-ƙasa, wai in riƙe littafin a buɗe in riƙa ƙirƙiro mata wani labari, tunda ba gani take ba. Gwaggo ma ta goya masa baya, wai tsohuwa ce, me za a ƙara mata. Na ce musu a'a. 'Yarta ta zauna ta ɓata shekaru tana zaɓar kalma ɗaya bayan ɗaya, wace ce ni da zan canja mata? Kuma ni ban iya ƙirƙira ba, a gidanmu mutum ɗaya Allah ya ba wannan baiwa. Saboda haka kullum in na dawo daga aiki, in na yi wanka na ba ta magani, sai in ja kujera kusa da gadonta in buɗe inda muka tsaya.

Da farko abin gwanin daɗi. Kin iya rubutu, Auta, wannan ba zan ƙwace miki ba. Da kika kwatanta ɗakin ɗinki, da keken da ke ƙugi in an taka, da guntayen yadi a ƙarƙashin tebur, da matan da ke zuwa awo suna riƙe numfashi don kada a ga tumbi, Inna ta yi dariya har da tari. Ta riƙa cewa wannan ai wance ce, waccan kuma matar mai kyamis ce ta bayan layi. Ta ce ashe yarinyar nan tana kallon komai. Sai muka zo kan madubi. Na karanta mata yadda uwar littafin ke ratsawa ta gabansa tana kawar da kai, don tana tsoron abin da za ta gani. Inna ta tambaye ni ko madubinmu ake nufi. Na ce shi. Ta ce to ai ba don kallon fuska aka rataye shi ba. Ke kin manta, ko kuma ba ki taɓa lura ba: tagar ɗakin nan a baya take, keke kuma yana jikin bango, shi ya sa Baba ya karkata madubin ya ɗaure shi da waya don ya ɗebo hasken taga ya zuba a kan allura. Wanda ya tsaya a gabansa ba abin da zai gani sai silin da saman taga. Masu awo ma ƙaramin na bayan ƙofa suke dubawa. Inna kuwa nata madubin yana cikin jaka, ɗan zagayayye, da shi take sa kwalli kowace safiya tun kafin a haife mu. Duk da haka ba ta ji haushi ba a ranar. Cewa ta yi ai labari ne, dole a ƙara gishiri, in ci gaba.

Na ci gaba kuwa, muka iso kan uban. Haba Auta. Mutumin da kika rubuta yana kulle ƙofa ya tafi da makulli a aljihu, wanda ya ga jan takalmi ya ce in ta sa ƙafa a ciki ta bar masa gida, kin ba shi tarin Baba, kin ba shi hularsa mai lanƙwasa, kin ba shi har yadda yake kiran sunanki daga bakin ƙofa. Duk wanda ya san shi ya gane shi. Mutumin da ke ɗaure ɗinkin Inna a bayan keke yana kai wa masu shi gida-gida bayan ya taso daga nasa aikin. Kuma shi ya sayo takalmin nan da kansa. Bai san lambar ƙafarta ba, kunya ta hana shi tambaya, sai ya auna silifas ɗinta da tafin hannu ya tafi kasuwa, ya dawo da abin da ya matse ta. Ta ƙi yarda a mayar don kada ya ji ba daɗi. Kin ce ba a taɓa sa shi ba. An sa shi, ranar da aka yaye ku daga jami'a. Ki ɗauko hoton da ke falonku ki dubi ƙafarta. Ta wuni a tsaye a cikinsa tana murmushi, kina ta jan ta kina nuna wa ƙawayenki, da muka shiga motar dawowa ta cire shi, diddigenta duk ya saɓule. Ni na gasa mata ƙafar da ruwan gishiri, da ruwan zafin wannan fulas ɗin da ake dariya. Ke kina can wajen liyafa. Da na gama karanta wannan babin Inna ba ta ce komai a kan takalmin ba. Ta dai juya fuska bango ta yi wa Baba addu'a da ƙarfi, ta ce Allah ya ji ƙansa, bai taɓa kulle ta ba ko da wasa.

Amma inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne almakashi. Shafi guda kika ɓata a kan hannun uwar, yadda take ɗaga hannun dama da almakashi, jijiyoyi sun fito, ta ratsa yadi ba ta ko duba alli. Na karanta a hankali yadda kika rubuta. Inna ta ce in dakata, ta ce wane hannu na ce. Na maimaita mata: dama. Auta, uwarki bahaguwa ce. Kin zauna a gindin kekenta tun kina rarrafe har kika yi aure, ba ki san da wane hannu take yanka ba. Tsumman da kika ce guntun zanen aurenta ne, wanda kika gina littafi guda a kansa, ba komai ba ne illa almakashin na masu dama ne, yana cin babban yatsanta har ya yi mata kanta, shi ya sa take naɗe shi. In ya tsufa ta yar ta naɗa wani. Wanda ke jiki yanzu ƙafar tsohon wandon Dogo ce, ki sansana in ba ki yarda ba. Inna ta ɗaga hannun hagunta ta kawo shi dab da ido, ta juya gaba ta juya baya. Ta ce da wannan ta yi miki kitso, da shi ta ba ki magani, da shi ma ta mare ki ranar da kika yanka labulen mutane, ashe ko ta inda marin ya zo ba ki duba ba. Ta yi 'yar dariya, amma ba irin ta kwanakin farko ba. Daga ranar ta daina zaro littafin tana nuna wa baƙi.

Da muka kusa babin rasuwa Dogo ya zo har kanti ya same ni. Ya ce don girman Allah in tsallake, in ce mata uwar ta warke, ko in ce shafukan sun manne. Ya ce in ba don Inna ba to don ke. Don ke! Na ce masa ya koma bakin aikinsa. Ranar na dawo da wuri, na haɗa mata shayi, na gyara mata matashi, na karanta. Ban yi sauri ba, ban haɗiye kalma ko ɗaya ba. Na karanta yadda uwar ta rame, yadda aka rufe keken da zane, yadda numfashinta ya riƙa yankewa. Na karanta inda aka fita da ita, yarinyar ta koma ɗaki ta ji wani irin sauƙi a ƙirjinta, ta ce yau ne ta fara shaƙar iska da hancinta. Inna ta ce in sake karanta wurin. Na sake. Sai ta fara yi mini tambayoyi kamar mai tambayar labarin maƙwabciya. Ta ce wane ciwo ne ya kashe matar, na faɗa mata. Ta ce ta daɗe tana jinya, na ce ta ɗan daɗe. Ta ce yarinyar tana nan lokacin da abin ya faru? Na ce tana nan, a bakin gado, tana riƙe da hannunta, ita ce ma ta rufe mata ido. Inna ta jinjina kai, ta ce lallai wannan matar ta fi ta sa'a. Kin dai tuna lokacin da aka yi mata aikin ido, kika ce ba za ki samu tahowa ba saboda kina kan gyaran babi na ƙarshe. To yanzu na ga babin, ya yi kyau ƙwarai: yarinya ta kwance tsumman almakashi ta jefar, ta tsaya gaban madubi ta ga kanta, ta zura jan takalmi ta fice. Na karanta mata shi har ƙarshe, na rufe littafin, ta ce in kai kofin kicin.

Ana cikin haka sai ga saƙonki na murya. Kin ce za a yi babban taron ƙaddamarwa, masu shiryawa suna so a jera ainihin kayan a akwatin gilashi don mutane su gani da idonsu. Kin ce in lallaɓa in kwaso almakashin da madubin da takalmin in aiko, ba sai Inna ta sani ba, tunda ba gani take ba, in an gama a dawo da su. Har da cewa in sako fulas ɗina in ba zan damu ba, kika yi wannan 'yar dariyar taki ta shagwaɓa. Ikon Allah. Kin san ni ba na ɗaukar kayan mutum a bayan idonsa, ko da idon ya mutu. Don haka na je na zauna a bakin gadonta na kunna mata saƙon, na ƙure murya don kunnenta na dama ya fara nauyi. Ta saurara har ƙarshe. Inda kika ce ba gani take ba, na ga leɓenta ya motsa. Ta dai ce in kira mata Dogo da Gwaggo gobe da safe, kuma in nemo kwali mai ƙwari a kanti.

Da safe suka zo. Ta sa Dogo ya hau kujera ya kwance wayar da Baba ya ɗaure madubin da ita, wayar ta yi tsatsa har sai da ya sa filaya. Ta sa aka jawo kwalin takalmin daga ƙarƙashin gado, ta zura hannu ta shafa cikinsa. Almakashin kuwa a ƙarƙashin matashinta yake, don har yanzu da shi take buɗe ƙullin magani, da shi take yanke zare in ta laluba ta ɗinke wa jikoki maɓalli. Ta zaro shi ta miƙo mini da kanta. Na ɗauka an gama, sai ta kai hannu kunne ta cire 'yan kunnenta na gwal, waɗanda tun muna yara take cewa na Auta ne in ta mutu. Ta ƙulle su a gefen hankici ta ce in saka a ciki. Ta ce wannan ba aro ba ne, kada a dawo mata da komai. Ta ce gadonki ne. Tunda kin riga kin yi jinyarta, kin rufe mata ido, kin yi kukanki kin share hawaye, to bai kamata a riƙe miki haƙƙinki ba, kuma in lokacin ya zo na gaske kada a wahalar da ke da doguwar tafiya, kin riga kin sauke nauyi. Gwaggo ta hau salati tana cewa ba a raba gadon mai rai, wannan wace irin magana ce. Inna ta ce to a kira shi kyauta, ko me aka ga dama, ita dai a rufe kwalin. Dogo, ƙaton mutum mai 'ya'ya, ya tsuguna a ƙofar ɗaki yana kuka kamar an yi rasuwar. Ni na kawo salatif na manne kwalin.

Tun ranar Dogo ba ya yi mini magana sai gaisuwa. Ya ce ba ni da imani, wai ni na kashe tsohuwa da baki. Na ce masa ni karatu na yi, ba ni na rubuta ba. Gwaggo kuma tana bin dangi tana cewa hassada ce ke cina don ƙanwata ta yi suna. Oho dai. Su faɗi abin da suka ga dama, a ƙarshe ni ce dai zan dawo da la'asar in wanke mata bayan gida. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushinki, haushi mai tsanani, kuma ban yi nadamar ko layi ɗaya da na karanta ba. Ke kika tafi neman kanki, ni aka bari da neman gado a asibiti da neman mai ba da jini. Da kika tashi saka mini, sai kika mayar da ni fulas. To na gode. Ɗakin ɗinkin, inda Inna ke kwana, yanzu ya yi duhu tun da rana, don babu abin da ke ɗebo hasken taga, sai farin wuri a bango inda madubin yake. Ɗan hasken nan da take gane safiya da shi ya tafi, yanzu sai ta tambaya ko gari ya waye. Na sayo mata sabon almakashi, na bahagwai ma, na sha wahala kafin in samu. Ta shafa shi ta ce in kai wa matar Dogo. Da haƙori take yage ƙullin magani, kin kuwa san haƙoran da suka rage mata.

Na san kina ta kiran wayarta ba a ɗauka, kin turo wa Dogo saƙo kina tambaya ko layin ne ya lalace. Layi lafiyarsa ƙalau. In wayar ta yi ƙara sai ta ɗago kai da sauri ta ce in duba wane ne. In na ce ke ce, sai ta ce in bar wayar ta gama kukanta. In ta katse kuma sai ta tambaye ni ko kin sake kira. Haka muke yi. Littafin ma ta ce in mayar mata ƙarƙashin matashi, inda almakashin yake da. Ba ta nuna wa kowa, amma ina ganin hannunta yana shiga wurin. Na faɗa miki wannan ne don ki san ba ta daina son ki ba, kada ki samu wannan sauƙin. Da ta tsane ki da abin ya zo miki da sauƙi, da kin samu abin rubuta littafi na biyu.

Saura abu ɗaya, shi ne ma dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar takarda maimakon in manna suna a kwali kawai. Na ce miki na karanta mata komai kalma da kalma. Haka ne, sai shafi ɗaya. Shafin farko, kafin labarin ya fara, inda kika rubuta cewa littafin na Inna ne, wadda ta ɗinka miki duk rigar da kika taɓa shiga duniya da ita, wadda kike roƙon Allah ya bar miki ita har ki iya gode mata. Na gan shi tun ranar farko. Layuka ne masu kyau, har sai da na karanta su a tsaye a kicin na ajiye littafin na ɗan lokaci. Da na zauna gabanta sai na lashi yatsa na wuce shi, na fara daga babi na ɗaya. Ba ta san yana nan ba. Dogo bai lura na tsallake ba, kuma in kin gaya masa ya karanta mata, zan ce mata shi ya ƙirƙira don ya lallashe ta, za ta kuwa yarda da ni, don zan gaya mata shi ya fara kawo shawarar a yi mata ƙarya. A waya ma ba za ta saurare ki ba. Na karanta mata mutuwarta da bakina, wannan aikina ne, na saba da aikin da ba mai so. Amma godiyarki ba zan ɗaukar miki ba. In kina so ta ji, kin san hanya, kin san ɗakin, littafin yana ƙarƙashin matashi. Ki zo ki zauna ta ɓangaren hagunta, kunnen can ne mai ji, ki karanta mata da bakinki. Ban san tsawon lokacin da kike da shi ba, likita ma bai ce ba, ƙafafunta dai sun fara kumbura.

In kuma taron ya fi, to Allah ya ba da sa'a, ya sa a cika ɗakin. Ki goge madubin kafin a jera, mun bar ƙurarsa yadda take. Roƙona ɗaya, ɗan katin da za a ajiye a gaban almakashin, ki sa a rubuta cewa mai shi bahaguwa ce kuma tana da rai. Fulas ɗina ban sako ba, ki ba masu taron haƙuri. Ina amfani da shi, da shi nake ajiye mata ruwan shayin safe.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ce ina yi masa barka da arziki. Ki shafa mini kan Babban Mutum da 'Yar Inna, ki ce musu kakarsu tana tambayar ko sun yi tsawo. Baban yara yana gaishe ki, yaran ma duka suna gaida Anti. Dogo da matarsa da jaririya suna gaisuwa, Gwaggo ta ce in ce miki tana yi miki addu'a. Na tambayi Inna ko in sa gaisuwarta, ta ce in rubuta abin da na ga dama, ai yanzu kowa rubuta ta yake yi. Don haka ban sa ba.

Wassalam. Ni ce yayarki,

Anti Fulas